Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu kan Tsofaffin Igwogin Damagaram

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne.

Kamar yadda muka saba, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a bana. Zan fara da kuskurenmu, domin shi ya canja mana hanyar aiki.

Kun tuna igwar tagulla da ke zauren wani gida a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wadda maigidan ya yarda mu riƙa kula da ita. Bara mun goge ta da yashi da lemun tsami har ta yi ƙyalli, muka yi ta murna. Da damina ta wuce muka koma, sai muka tarar wani koren gari ya ɓullo a gindinta, kana taɓawa yana zuba kamar toka. Wannan gari ciwo ne na tagulla: gishirin da ke cikin ƙasa yana haɗuwa da danshi ya ci ƙarfen daga ciki. Tsohon duhun da muka kankare kuwa shi ne rigar da ke kare ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani ɗan zane kusa da ramin da ake kunna wuta, mai yiwuwa alamar maƙerin ce, ya dusashe a hannunmu.

Saboda haka bana mun hana gogewa kwata-kwata. Mun ɗaga igwar daga ƙasa, muka ɗora ta kan gungumen giginya, muka cire koren garin da burushi mai laushi, muka shafa mata kakin zuma siriri. Kafin duk wannan sai da wani tsohon soja cikinmu ya haska cikin bakinta da tocila, ya auna zurfinta da kara. Ya ce tsohuwar igwa kan kwana da albarushi a ciki shekaru masu yawa, kuma busasshen albarushi ba ya mutuwa. Alhamdulillahi ba mu samu komai ba sai gidan zanzaro. Mun toshe bakin da itace don yara su daina cusa duwatsu.

Wasu matasa sun tambaye ni dalilin wannan wahala a kan guntun ƙarfe. Amsata ita ce Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa maƙeran garin nan suka riƙa zuba igwa da hannunsu, ana haɗa albarushi a gida. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci, inda yaƙi na doki ne da mashi da baka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan an kashe Kyaftin Cazemajou, wani hafsan sojan Faransa, a garin nan a 1898, Faransawa suka zo suka ci Damagaram da yaƙi a Tirmini, kusa da garin nan, a 1899, sana'ar ta mutu. Duk igwar da ta tsira shaida ce ta ilimin kakanninmu, kuma masu sayen tsohon ƙarfe a kilo suke auna ta.

Aiki na biyu shi ne ɗaukar muryoyin dattawan maƙera da waya. Wani tsoho ya kwatanta mana yadda kakansa ke fasalta abu da kaki, ya lulluɓe shi da laka, ya narkar da kakin ya zuba tagulla a gurbinsa. Yana magana hannunsa na mulmula iska kamar lakar tana gabansa. Ya rasu kafin mu koma karo na biyu, Allah ya jiƙansa. Don Allah, ƴan uwa, duk mai tsoho a gida kada ya jira kwamiti.

Ƴan makaranta sun ziyarce mu, mun yi musu bayani. Kuɗin wata-wata ya ishe mu kaki da itace, amma bai kai ga rumfar kwano da muke so ba. Ma'aji zai karanta lissafi a taro.

A baɗi za mu sa rumfar kafin ruwan farko, mu rubuta muryoyin da muka ɗauka da boko da ajami, mu kuma nemi izinin fada mu auna tare da ɗaukar hoton duk igwar da aka sani a gari. Muna neman kafinta ɗaya da matasa masu kyan rubutu. Mai niyya ya ba magatakarda sunansa bayan sallar La'asar ranar taro.

Wassalam.
Shugaban ƙungiya