A cire batir kafin a ajiye agogon wasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu ƙungiyoyin damiye da Scrabble a Garwa da Marwa game da agogon ƙidayar lokacin wasa. Yawancin waɗanda ake kawo mana gyara, batir ne ya ci su a cikin durowa bayan an tashi daga gasa.

Agogon lantarki irin DGT 2010 batir biyu na AA yake ɗauka, wato pil kamar yadda muke cewa a nan. Ko an kashe agogon, batir na ci gaba da raguwa. Na alkalin idan ya ƙare yakan tara iska a cikinsa har murfin ya saki, ruwan potasiyam mai ƙuna ya tsattsafo, ya bushe ya zama farin gari. Na araha kuwa, mai gawayi da tutiya, gwangwaninsa ne ke cinyewa har ya huda. Zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 40, yana hanzarta wannan, danshin Agusta kuma ya ƙarasa sifirin da ke danne batir da tsatsa.

Idan agogo zai yi wata guda ba a taɓa shi ba, a cire batir, a ajiye shi a inuwa, nesa da makulli da tsabar kuɗi. Kada a haɗa sabo da tsoho: mai ƙarfin zai tura wuta ta baya cikin mai raunin, shi kuma ya tsiyaye.

Wurin wanke mazaunin batir bayan ya tsiyaye ake yawan kuskure. A fara duba rubutun jikin batirin. Idan alkalin ne, a naɗa auduga a tsinke, a ɗiga ruwan lemon tsami ko khal, a shafa har kumfa ta daina. Idan na gawayi ne, ruwansa mai tsami ne, lemo zai ƙara ɓarna. Sai rabin ƙaramin cokali na bikarbonat a ɗan ruwa. A sa safar hannu, a kiyaye ido. Daga nan a goge da alkol na famasi, a kankare koren da ya rage da takarda mai yashi mai laushi, a bar murfin mazaunin batir a buɗe kwana ɗaya, sannan a shafa basilin kaɗan a kan ƙarfen.

Idan ruwan ya bi waya ya kai ga allon ciki, a kai wa mai gyaran rediyo ya canza wayar ya yi mata dalma.

Wasu masu gyaran agogo da rediyo,
Garwa, Kamaru