Shin Asibitocinmu Sun Shirya Wa Haɗarin Tururin Nukiliya?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin lafiya ga wani haɗari da ba kasafai ake zancensa ba, wato ranar da tururin nukiliya zai illata jama'a masu yawa a lokaci guda. Da an ambaci wannan batu sai tunani ya tafi ga bam ko ga bala'in fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl na 1986, alhali abin da ya fi damuna yana nan kusa da mu, a kasuwar 'yan gwangwan.

A watan Satumba na 1987, a birnin Goiania na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu masu neman tsohon ƙarfe suka shiga wani asibitin masu cutar daji da aka ƙaurace wa, suka kwance kan na'urar gasa cutar daji da aka bari a ciki, suka tura shi gida a baro. Bayan sun huda shi sai suka sayar wa wani dillalin gwangwan, wanda da dare ya ga wani gari a ciki yana ƙyalli shuɗi, ya ɗauka dukiya ce, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Ashe sinadarin sisiyom-137 ne, mai fitar da tururin nukiliya. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi, ta ci abinci da hannun, tana kuma cikin mutum huɗu da suka rasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ni da na yi shekaru ina aikin jinya, shi ne waɗanda suka fara kwantawa sun je wurin likitoci da amai da gudawa da jiri, aka ɗauka gurɓataccen abinci ne. Sai da aka shafe kimanin mako biyu, matar dillalin ta zargi ƙarfen, ta sa shi a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya, sannan asiri ya tonu. Daga nan aka auna mutum kusan 112,000 a filin wasa na birnin, aka sami 249 da sinadarin a jikinsu ko tufafinsu. Na rantse da a ɗakin da na yi aiki aka kawo su, ruwan gishiri da sukari za mu ba su, domin babu wanda ya taɓa koya mana mu yi wani zargi dabam.

Irin waɗannan sinadarai suna nan a Najeriya, a wuraren gashin cutar daji, da kamfanonin haƙar mai, da masu duba waldar bututu, ga kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ke da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, wato NNRA, ce ke sa ido a kansu, amma mara lafiya ba ofishinta zai nufa ba, asibitin unguwa zai je.

Saboda haka horon ya kamata ya sauko ƙasa. Ma'aikacin jinya ya san cewa idan gida guda ko 'yan sana'a guda suka zo da amai da ƙuna ba tare da wuta ta taɓa su ba, sai ya tambayi abin da suka taɓa da kuma lokacin da aman ya fara, domin wanda ya yi amai cikin awa ɗaya ko biyu ya sha tururi mai yawa. Ya san a maimaita gwajin jini a ga ko fararen ƙwayoyin jini na raguwa. Ya san cewa tuɓe wa mutum tufafi, a ƙulle su a leda, a yi masa wanka da sabulu, yana kawar da mafi yawan burbushin da ke jikinsa, kuma wanda jini ke zuba daga jikinsa a fara tsayar da jinin, kada tsoro ya sa a gudu a bar shi. Safar hannu da takunkumi da rigar aiki suna ba da kariya sosai.

Batun magani ma yana buƙatar tanadi. A Goiania da maganin da ake kira Prussian blue aka fitar da sisiyom daga jikin mutane, shi kuwa ƙwayar aidin da aka fi sani gaɓar thyroid da ke maƙoshi kaɗai take karewa, daga aidin mai tururi. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta jerin magungunan da take son ƙasashe su ajiye domin irin wannan rana. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA su bayyana wa jama'a inda namu tanadin yake, su sa na'urar awon tururi a ɗakin gaggawa na kowane asibitin koyarwa, su kuma riƙa yin atisaye.

Sannan a je wurin shugabannin 'yan gwangwan da hoton alamar gargaɗin tururin nukiliya mai fukafukai uku a kan ruwan ɗorawa, a yi musu bayaninta da Hausa. Kullum da safe ina wuce yaran da ke fasa ƙarafa da guduma a bayan layinmu, hannu ba safa, kuma na tambayi uku daga cikinsu, babu wanda ya san ma'anarta.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin jinya, daga Zariya.