Zuwa ga ɗiyar da ta tambaye ni ina dukiyar Zalika Souley

Ɗiyata, assalamu alaikum.

Kin bugo waya a shirin al'adu na rediyo nan Tawa, kika ce: “Baba, kullum kuna kiran Zalika Souley uwar ƴan wasan fim na Afirka. To ina gidajenta, ina motocinta? Ko samu ta yi ta ɓarnatar, kamar yadda ake faɗa a kan matan fim?” Kin kuma ce kin fara fitowa a gajerun wasanni, mahaifinki bai so. Lokacin shirin ya ƙure kafin in ba ki amsa mai kama hankali, kuma tun da a bainar jama'a kika yi tambayar, a bainar jama'a ya kamata ki ji amsar.

Marigayiyar ta ga daɗi na wasu shekaru, wannan gaskiya ne. Ta sa sutura ta gani ta faɗa, ta hau jirgi zuwa bukukuwan fim na ƙasashe, an ɗauke ta hoto, an ba ta lambobin yabo. Sai dai tikitin jirgi da ɗakin otel masu biki ne ke biya, kuma ranar da aka watse, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi. Dukiyar da ake tarawa har a ce an ɓarnatar, irin wadda ke haihuwa mutum yana barci, sana'ar fim ta Nijar ba ta taɓa ba ɗan wasa ita ba. Abin da nake so ki gane ke nan, domin maganar ɓarna hanya ce mai sauƙi ta ɗora wa mace laifin da ba nata ba.

An haife ta a Yamai a 1947. Tana da shekara 19, a 1966, mai shirya fim Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauye. Ita ce mace a cikinsu, da wando, da malafa, da bindiga a ƙugu. Ki auna wannan da Yamai ta wancan lokaci, shekara shida kacal da samun mulkin kai. Daga nan wani mai shirya fim, Oumarou Ganda, ya ɗauke ta. Ta fito a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Kan na Faransa a 1969, ta fito a Le Wazzou polygame, wanda ya ciyo babbar kyautar bikin finafinan Afirka, FESPACO, a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka fara ba da wannan kyauta. Ba Senegal ba, ba Kodebuwa ba, Nijar ce ta fara ɗaukarta. Ta yi aiki da Djingarey Maïga, ta yi aiki har da masu shirya fim na waje.

To ina kuɗin suka tafi? Nan ne nake so ki natsu.

Yawancin finafinanmu na lokacin da ƙaramin zaren ɗaukar fim aka ɗauke su, mai milimita 16. A ƙasar nan babu inda ake wanke shi, sai an kai Faransa, can ake yanka, a haɗa, a sa sauti. Ɗan tallafin da ake samu yakan fito daga ma'aikatar haɗin gwiwa ta Faransa, ita kuma ta sayi izinin nuna fim ɗin a cibiyoyinta na al'adu, inda ba a sayar da tikitin kasuwa. Gidajen silima kuwa, inda kuɗin ƙofa suke, majiginsu na babban zare ne, mai milimita 35, kuma kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rabon finafinai a ƙasashen rainon Faransa. Abin da ke kawo musu riba shi suke kawowa: Indiya, kaboyi, daga baya karate. Mu da muka yi ƙuruciya a lokacin mun san yadda dare ke kasancewa a silimar da ba ta da rufi: benci na gaba na masu ƙaramin kuɗi, mai gyaɗa tana zagawa, zare ya tsinke a tsakiyar faɗa jama'a su ɗau ihu suna zagin mai majigi. Sunayen jaruman Indiya muna haddace da su kamar ƴan unguwarmu. Fim ɗin da aka ɗauka a ƙasarmu kuwa sai a ji labarinsa a rediyo, an ce ya ci kyauta a wata ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin nan ba Ganda ba ne, ba Alassane ba ne.

Ɗan wasa sau ɗaya ake biyansa, in an biya shi. A gama ɗauka, a damƙa masa abin da ya samu, shi ke nan. Ko fim ɗin zai shekara 50 ana nuna shi a jami'o'in Turai da Amurka, ba dala ɗaya da za ta biyo shi gida. Ba albashi, ba fansho, ba asusun jinya. Kuma fim ba kullum ake yin sa ba. Ƴar wasa mafi suna a ƙasar tana iya shekara biyu, uku, ba a kira ta ba.

Ki duba mazan da suka yi zamani da ita, ki ga da me suka ci abinci. Ɗan wasa Damouré Zika, abokin aikin Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch, da aikin jinya da ba da magani ya riƙe gidansa a Yamai har ya rasu a 2009. Moustapha Alassane mu mutanen Tawa ba sai an ba mu labari ba. Nan ya zauna shekaru masu yawa, otel yake riƙe da shi, a cikin otel ɗin ya keɓe wurin da yake zane-zanensa masu motsi da ƴan tsanarsa masu siffar kwaɗi. Kuɗin baƙin otel ne ke ciyar da fim, ba fim ke ciyar da shi ba. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Ganda kuwa bai ma kai ga tsufa ba, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981 yana da shekara 45, shi ne aka sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai. Da rasuwarsa Zalika ta rasa mutumin da ya fi kowa sanin yadda zai rubuta mata matsayi. Sai farashin uraniyum ya faɗi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka karya darajar sefa a 1994, kaset ya shigo, gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Rahmatou Keïta ta ɗauki rayuwar Zalika a fim mai suna Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004. A ciki an ga matar da ta taka manyan dandamali tana zaune a ɗaki biyu da ƴaƴanta, ba famfo a gidan. Daga baya ta fita ƙasar waje aikatau. Wasu na faɗin wannan da murya ƙasa-ƙasa kamar abin kunya. Ni ban ga kunya a macen da ta yi wanke-wanke ta ciyar da ƴaƴanta ba. In akwai kunya, ta ƙasar da ta aika ta wakilci da tuta ce. Ta rasu a Yamai a watan Yulin 2021, Allah ya jiƙanta.

Saura “yadda ake faɗa a kan matan fim”. Matsayin da aka riƙa ba ta shi ne na mace mai wuyar sha'ani: karuwa, mazinaciya, kishiyar da kishi ya kai ta ga kisa. Ta iya su sosai, har masu kallo suka kasa raba ta da su. Mutanen da ba su saba da fim ba suka ɗauka abin da suka gani a bango shi ne halinta, aka zage ta a titi, aka yi mata kallon banza. Namijin da ya rubuta labarin ana ce masa mai hikima, ita da ta faɗi kalmominsa ta zama ƴar iska. Har yau abin bai mutu ba. Ki saurari yadda ake hirar ƴan wasan Kano mata a fada wajen shan shayi. Batun aurenta da cikin gidanta kuwa ba zan buɗe shi ba. Tana da ƴaƴa da jikoki masu jin rediyo kamar ke, kuma babu abin da zai ƙara wa amsar tambayarki.

Na san da ƴan Kano kike auna ta, masu manyan motoci. Kano ta samu abin da Yamai ba ta samu ba: miliyoyin masu jin harshen, da kasuwar kaset da a da take mayar da kuɗi ga mai fim. Duk da haka ki lura, masu motocin da yawansu daga talla ne, ko kasuwanci, ko siyasa, ko don su ne masu fim ɗin da kansu. Tsofaffin da wasa kawai suka iya, sau nawa muka ji ana nema musu taimakon kuɗin asibiti?

Ba zan ce ki bari ba, ba kuma zan ce ki saɓa wa mahaifinki ba. Tsoronsa yana da tushe, kin dai ji tushen. Abin da zan ce, kada ki tsaya gaban kyamara sai an rubuta a takarda nawa za a ba ki, yaushe, kuma mene ne rabonki in an sa wasan a YouTube ko an sayar wa gidan tele. Ko da mai fim ɗin ɗan ƙanen babanki ne, a rubuta. Ki nemi ofishin kare haƙƙin mallaka na ƙasa, BNDA, ki tambayi abin da doka ta tanadar wa mai wasa, ba mai waƙa kaɗai ba. Karatunki ko ɗinkinki kuma kada ki ajiye.

Ki gaishe mini da mahaifinki. In yana so, ki kawo shi gidan rediyon ranar shirin, mu zauna mu uku bayan an tashi.

Wassalam,
Babanki na shirin al'adu, Tawa.