Keken sayayya da haƙƙin wanda ba mu gani ba

Assalamu alaikum, Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka sam mini fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce bai taka kara ya karya ba. A garin da ake kukan tsadar masara da kuɗin mota, ga batun tsaro, wa zai tsaya zancen keken sayayya? To ni dai na tsaya, domin ina ganin wannan keken yana tona wani hali namu da ya wuce bakin kanti.

Manyan kantunan zamani sun yawaita a Kaduna cikin 'yan shekarun nan, daga Titin Ahmadu Bello da Titin Isa Kaita har zuwa Barnawa. Kusan kowannensu yana da keken nan na ƙarfe mai taya huɗu, wanda mutum ke turawa yana zuba kaya, ya biya kuɗi, ya tura shi har bakin motarsa. Har nan babu laifi. Abin da ke biyo baya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da zarar an kwashe kayan an zuba a but, sai a saki keken nan inda yake. Wani a tsakiyar wurin da mota ɗaya za ta iya fakin, wani a bayan motar maƙwabci, wani a kan gangaren da aka yi domin mai keken guragu. Duk wanda ya taɓa zuwa sayayya ranar Asabar da yamma, ko ana jibi Sallah, ko daf da Kirsimeti, ya san abin da nake nufi. Sai ka zagaya kana neman wurin ajiye mota, ka hango gurbi, ka karya kan mota, ashe keke ne a tsaye ya tare. Dole ka kashe mota ka fito ka janye abin da wani ya bari, na bayanka kuma suna ta danna maka oda.

A wani kanti da ba zan faɗi sunansa ba na ga wani bawan Allah, shadda ce a jikinsa tana ƙyalli, hula zanna a ka, turarensa ya riga shi isowa. Ya gama loda katan ɗin madara da buhun shinkafa, ya rufe but, sai ya sa ƙafa ya hankaɗa keken gefe. Filin kuwa yana da ɗan gangare. Keken ya gangara a hankali, ɗaya daga tayoyin gaba tana karkarwa, ya je ya daki ƙofar motar wata baiwar Allah da ke ƙoƙarin fito da jariri daga kujerar baya. Wani matashi ma'aikacin kantin, sanye da rigar aiki da gumi ya jiƙa, ya rugo ya kama keken, ya ce da ladabi, "Alhaji, da ka ɗan tura mana shi can bakin ƙofa." Alhaji ya sauke gilashi rabi ya ce, "To kai mene ne aikinka?" Ya ja mota. Matar ba ta ce uffan ba, ta dai shafa wurin da fentin ya kwarzane, ta gyara goyonta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, 'yan mintuna kafin haka na ga mutumin nan a cikin kantin ya rusuna har ƙasa yana gaida wani dattijo da ya sani, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne matsalar take, Edita. Mu mutane ne masu ladabi, babu mai ƙwace mana wannan. Muna cire takalmi a gaban manya, muna doguwar gaisuwa, ba ma kiran sunan ɗan fari, baƙo ba ya barin gidanmu bai sha ruwa ba. Amma ladabin namu na ido da ido ne. Yana aiki matuƙar akwai fuskar da muka sani ko muke jin kunyarta. Shi kuwa wanda zai zo bayan mun tafi, wanda ba mu san sunansa ba, ba za mu taɓa haɗuwa da shi a ɗaurin aure ba, kamar ba shi da wani haƙƙi a kanmu. Birni kuma irin Kaduna, inda aka tara kowace ƙabila da kowane addini, yawancin mu'amalarsa da irin wannan mutumin ake yinta. Ba ka san wanda zai yi fakin a gurbin da ka bari ba, ba ka san wanda zai shiga bayan gida na tasha bayanka ba.

Abin da ya fi kama da keken nan a wurinmu shi ne butar masallaci. Kowa ya san yadda ake ji idan an kusa tayar da salla, ka sunkuya ka ɗauki buta ka ji ta wayam, ko ka tarar an watsar da su a rana, wata a kwance cikin ruwan alwala. Kuma kowa ya san akwai mutanen da ba sa tashi sai sun cika butar sun mayar da ita layi, alhali ba liman ne ya sa su ba, babu kuma mai rubuta sunansu. Ashe tarbiyyar akwai ta, ba daga waje za a shigo mana da ita ba. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ya ce imani rassa ne saba'in da wani abu, ko sittin da wani abu, mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. Yaran Islamiyya sun haddace shi. Idan kawar da abin cutarwa reshen imani ne, mene ne matsayin wanda ya ajiye shi da hannunsa?

Na san hujjar da ake kafawa, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba. Mun saba da kasuwa. A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Bacci, idan ka yi sayayya mai nauyi ɗan dako kake kira ko mai baro, ya kai maka bakin titi, ka sallame shi, ya koma da baronsa. Babu abin da ya rage a wuyanka. Da wannan sabon muka shiga kantin zamani, muka ɗauka keken ma na wani yaro ne da zai zo ya ɗauka. Har ma na ji masu cewa idan kowa ya mayar da kekensa, yaron zai rasa aikin yi. Wannan magana ce mai daɗin ji, amma ba gaskiya ba ce. Mai baro kai ka ɗauke shi aiki kuma ka biya shi a hannu. Yaron kanti kuwa ba ka ba shi ko sisi ba, kuma ayyukansa suna da yawa: shi ne mai jera kaya, mai ɗaure leda, mai taimakon tsofaffi su kai kaya mota. Tattara kekuna daga inda aka tanada aikinsa ne. Farautarsu ɗaya bayan ɗaya a tsakanin motoci cikin zafin watan Maris, wannan ƙarin wahala ne da muka ɗora masa don ƙiwa. Kuma kafin ya iso, keken ya riga ya tare wa wani hanya ko ya kwarzane motar wani.

Ban haɗa da masu uzuri ba. Mace mai goyo da yara biyu a mota ba za a ce ta bar su ta tafi mayar da keke ba. Tsoho mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, wanda ruwan sama ya tsuge a kansa, duk waɗannan ba da su nake ba. Hasali ma saboda su ne ya kamata mai lafiya ya haɗa da nasu idan zai mayar da nasa.

Shi kansa keken sai da aka koya wa mutane amfani da shi. Wani ɗan kasuwa mai suna Sylvan Goldman ne ya fito da shi a kantunansa na birnin Oklahoma a Amurka a 1937, kuma da farko masu sayayya ƙin taɓa shi suka yi, sai da ya ɗauki hayar mutane maza da mata suna zagaya kanti suna tura shi kamar masu sayayya, sannan sauran suka kwaikwaya. Batun mayarwa ma ya dami Turawan, kada mu ɗauka su waliyyai ne. Shi ya sa a Jamus da Ingila da wasu ƙasashen Turai kantuna da yawa suke ɗaure kekunan da sarƙa, sai ka saka kwabo, Yuro ɗaya ko Fam ɗaya, kafin ya saku, kuma ba za ka karɓi kuɗinka ba sai ka mayar da shi ka maƙala a jikin 'yan'uwansa. Kantunan Aldi a Amurka ma haka suke yi da santi 25. Dabara ce mai kyau, sai dai a nan ba za ta yi ba. Kwabban da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2007, na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, yaushe rabon da wani ya gan su a aljihu?

Bulala ma mun gwada ta. Waɗanda suka yi wayo a 1984 suna tuna shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari da Idiyagbon, wanda matakinsa na farko shi ne bin layi. An ga layi tsaf a tashar mota da banki da gidan waya, soja na tsaye a gefe. Daga wannan shirin ne aka gaji sharar ƙarshen wata. Gwamnatin ta faɗi a watan Agusta na 1985, layin kuma ya bi ta sannu a hankali. Ɗa'ar da tsoron soja ya kawo, da sojan take tafiya. Duk da haka ban yanke ƙauna ba, domin a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, na ga mutanen garin nan da kansu suna rubuta lamba a bakin na'urar ATM tun asuba, kowa yana jiran tasa, har ana ɗaga wa tsofaffi ƙafa. Idan mun ga dama muna iyawa.

Halin da ke sakin keke a tsakiyar fili shi ne dai yake bin mu ko'ina. Shi ne mai zuwa Juma'a a makare ya gindaya motarsa a bayan motoci uku, a idar da salla ya tsaya gaisawa da jama'a, masu motocin suna shanye a rana, wataƙila cikinsu akwai mai zuwa asibiti. A ƙofar coci ranar Lahadi ma ba ta canza zane ba. Shi ne mai shanye ruwan leda ya sauke gilashi ya jefar a kan gadar Kawo, ledar ta bi iska ta faɗa kwata, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakin wani talaka a Tudun Wada, mu ce ƙaddara. Shi ne mai Keke Napep da ke cin burki a tsakiyar titi don ya hango fasinja, da mai kafa rumfar biki ya toshe layin unguwa ba tare da ya leƙa gidan maƙwabta ya ce ku yi haƙuri ba. A jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja kuwa, sai wani ya buɗe muryar wayarsa yana kallon bidiyo, tarago guda yana saurare dole. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, za su iya kama mai karya dokar hanya, amma babu hukumar da za ta iya sa jami'i a bayan kowane mai ledar ruwa.

Masu kantunan su ma suna da nasu. Da yawansu ba su ware wurin mayar da keke a filin fakin ba, sai dai mutum ya koma har cikin kanti, ya bi ta gaban mai gadi da ke duba rasit. Tun ran gini ran zane: da an keɓe ɗan lungu ɗaya ko biyu an kewaye da ƙarfe, an sa allo da Hausa da Turanci, da rabin uzurin ya faɗi. A gyara tayoyin da suka karye, domin keken da ke jan gefe ɗaya yana ƙara ko mai haƙuri yana ƙosawa da shi. Sannan shugabannin kanti su tsaya wa yaransu. Ma'aikacin da ya san za a kore shi idan babban mutum ya yi ƙorafi ba zai sake buɗe baki ya tunatar da kowa ba.

Ina kuma kira ga limamanmu da fastocinmu da malaman makarantu. Ana yi mana wa'azi a kan manyan zunubai, kuma ya dace, amma na daɗe ban ji huɗubar da aka ware wa haƙƙin hanya ba, alhali babi ne sananne. Iyaye kuma, yaron da kuka je kanti da shi ya fi kowa son tura keken nan. Ku ba shi ya mayar, kuna tsaye kuna kallonsa.

Kai kuma Edita, ina roƙon ka tura wakilinka wata Asabar da yamma ya tsaya a filin fakin na kowane babban kanti a garin nan, ya zanta da yaran da ke tattara kekunan, ya ji ƙarfe nawa suke tashi aiki da irin maganganun da ake gaya musu. Su ne suka fi kowa sanin lamarin, kuma ban taɓa jin an tambaye su ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karatu daga Unguwan Rimi, Kaduna.