Sanarwa ga manajojin masauki kan rubuta saƙo

Assalamu alaikum ƴan uwa manajoji, barkanmu da warhaka. Don Allah mu ɗan gyara yadda muke rubuta saƙo, ko na baƙi ko na mai gida. Jiya wani abokin aikinmu ya turo min saƙon da zai aika wa wani Alhaji da ya kama ɗakuna saboda cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, wallahi gaisuwa kaɗai layi shida, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, har na kai ƙarshe ban ga kuɗin ɗaki ba balle ranar shiga. Gaisuwa dole ce amma layi ɗaya ya isa, sai a faɗa kan magana, ɗaki nawa, kwana nawa, nawa ne kuɗin, ƙarfe nawa ake tada janareto in an ɗauke wuta. Kuɗin a sa shi da lamba, ban da "kamar yadda aka saba", nan rigima ke farawa.

Masu rahoton dare kuma, "an ɗan samu matsala" ba rahoto ba ne. A ce famfon ɗaki na 4 ya lalace, an kira mai gyara, zai zo da hantsi. Saƙon murya na minti bakwai ma a rage, wasunmu data na wahala.