Sanarwa ga masu jinyar waɗanda aka yi wa tiyatar sankarar fankiriyas

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Bayan tiyatar Whipple, wato wadda ake cire kan fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci da kuma daidaita sukarin jini), babban abin tsoro shi ne yoyon ruwan fankiriyas daga inda aka ɗinke ta da hanji. Ruwan nan aikinsa narkar da abinci, in ya malala cikin ciki sai ya ci nama, har jijiyar jini. Shi ya sa ake auna sinadarin amilas, wanda fankiriyas ke fitarwa, a ruwan da ke fitowa ta robar da aka saka a ciki, galibi a rana ta 3 bayan tiyata. Ku riƙa duba ruwan kullum. Ya yi dagwalo, ya yi wari, ko an ga jini komai ƙanƙantarsa, ku sanar da likita nan take. Ɗan jinin nan yakan zo gabanin babban ɓallewar jini. Haka kuma ku sanar da likita in zazzaɓi ya kai digiri 38, ko amai ya ƙi tsayawa.

A tashi majiyyaci ya ɗan taka tun washegari. Allurar hana daskarewar jini kuwa har kwana 28 ake yi, kar a daina don an sallamo shi.

Abinci kaɗan-kaɗan, sau 6 a rana. Kafson narkar da abinci irin su Creon da lomar farko ake haɗiye shi, ba bayan an gama ba. Bayan gida mai maiƙo da ke yawo saman ruwa alamar maganin bai isa ba. A riƙa auna sukari.

In an cire saifa tare, a yi rigakafin da likita ya rubuta, a kuma kwana cikin gidan sauro, don zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani ga marar saifa.