Kafin ka saki takardar nan

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Mahaifiyarka ta faɗa mini an sauke ka daga muƙaminka a kwaleji, har ka rubuta doguwar takarda za ka saka a Facebook ka tona asirin waɗanda kuka yi tafiya tare. Ban ce ƙarya ka rubuta ba, na san halinka. Amma ka dakata ka ji labarin wani mutum da nakan ba ɗalibai lokacin da nake koyar da tarihi.

Sunansa Hiram Revels, baƙar fata ne ɗan Amurka. An haife shi a 1827 a jihar Karolina ta Arewa, ɗa ne ba bawa ba, a zamanin da ake cinikin irinsa a kasuwa. Aski ya fara koya a wurin yayansa, daga baya ya yi karatu ya zama limamin coci a 1845. A 1854 an ɗaure shi a jihar Misuri saboda yana yi wa baƙar fata wa'azi. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya taimaka wajen ɗaukar baƙaƙe aikin soja, ya kuma yi musu limanci. Ka ga ba wanda zai ce bai sha wuya don mutanensa ba.

Bayan yaƙi ya zauna a garin Natchez na jihar Misisipi, aka zaɓe shi majalisar dattawan jihar a 1869. A wancan zamani 'yan majalisar jiha ne ke zaɓar sanatocin tarayya, suka kuwa zaɓe shi. 'Yan jam'iyyar Dimokurat suka ce bai cika shekara tara da zama ɗan ƙasa ba kamar yadda doka ta buƙata ga sanata, wai sai a 1868 tsarin mulki ya ba baƙar fata wannan matsayi. Aka kaɗa ƙuri'a a majalisar dattawan tarayya, 48 suka amince, 8 suka ƙi, ya sha rantsuwa ran 25 ga Fabrairu 1870, baƙar fata na farko a majalisar tarayyar Amurka. Shekara guda ya yi, ya dawo gida ya zama shugaban farko na kwalejin Alcorn da aka kafa wa baƙaƙe a 1871.

To, ga inda nake so ka natsu. Jam'iyyarsu ta Rifablikan ta dare biyu a Misisipi. Revels ya ƙi goyon bayan gwamna Adelbert Ames, a 1874 aka raba shi da shugabancin kwalejin. A zaɓen 1875 fararen Dimokurat suka fito da bindigogi, suka kashe mutane, suka hana baƙaƙe zuwa rumfar zaɓe, suka ƙwace jihar. Kwanaki kaɗan bayan haka Revels ya rubuta wa Shugaban ƙasa Grant wasiƙa, yana cewa wasu 'yan jam'iyyarsa, musamman fararen da suka zo daga Arewa, suna wasa da ƙuri'ar baƙaƙe don cika aljihunsu.

Akwai ƙamshin gaskiya a zancen? Akwai. Amma wa ya amfana? Jaridu suka yi ta buga ta, masu bindiga suka samu hujja: ai ga nasu ma ya faɗa. A 1876 sabuwar gwamnati ta mayar masa da shugabancin kwalejin, ya riƙe har 1882. Shi ya samu. Mutanensa kuwa, a 1890 jihar ta yi sabon tsarin mulki mai harajin zaɓe da jarrabawar karatu, aka share yawancinsu daga rajista, kuma haka aka zauna har bayan 1965. Ban ɗora masa wannan duka ba, ko bai rubuta komai ba da sun yi abinsu. Sai dai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuma ya ƙara faɗin tsagar a lokacin da ake binne mutanensa.

Takardarka ma haka take. Waɗanda suka sauke ka sun yi maka ba daidai ba, amma kai ka fi ni sanin su wa ke jiran a ce ƙungiyar malamanku ta watse. Duba waɗanda ke buga maka waya yanzu suna cewa "saki kawai, Malam". Bara da ake rigimar albashi, ina suke?

Ka kai ƙorafinka gaban kwamiti a rubuce, da hujjojinka da kwanan wata, ka ajiye kwafi. In sun toshe kunne, akwai hukumar gudanarwa, akwai kotu. Ajinka kuma kada ka yi wasa da shi, muƙami aka karɓe, ba alli ba. Ita waccan takardar ka turo mini in karanta tukuna, ko ka zo da ita ranar Juma'a mu duba tare bayan Magariba.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Allah Ya yi maka albarka, Ya sanyaya zuciyarka.

Mahaifinka